Me Ke Juya Janareta? Sharhi Kan Yadda Tashoshi Ke Samar Da Wutar Lantarki

A 'yan shekarun nan labaran wutar lantarki sun zo da abubuwa masu ɗaure kai. A watan Afrilun 2023 Jamus ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe masu aiki da nukiliya, alhali maƙwabciyarta Faransa tana samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliyar. Ranar 30 ga Satumban 2024 Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal, bayan ta shafe shekara 142 tana cin moriyarsa, amma Sin da Indiya ba su daina gina irin waɗannan tashoshi ba. Ranar 28 ga Afrilun 2025 wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal baki ɗaya da rana tsaka, nan take wasu suka ɗora wa sola laifi. A watan Satumban 2025 kuma Habasha ta ƙaddamar da babbar madatsarta a kan Kogin Nilu, mai ƙarfin megawat 5,150.

Wanda ke bin waɗannan labarai dole ya yi tambaya. Idan wutar da ke fitowa daga soket iri ɗaya ce, me ya sa wannan ƙasa ke gudun abin da waccan ke nema ido rufe? Kuma me ya sa ake sanar da ƙarin dubban megawat amma fitilar gida ba ta shaida? Ba za a fahimci wannan ba sai an leƙa cikin tashar kanta.

Maganaɗisu da waya

Duk wanda ya taɓa hawa keke mai dainamo ya riga ya ga tashar lantarki a ƙanƙance. Kan dainamon yana jingine da taya, taya na juyawa shi ma yana juyawa. A cikinsa akwai ɗan maganaɗisu, kewaye da siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe. Ka taka da sauri fitila ta haska, ka sassauta ta dushe, ka tsaya ta mutu. Mahayin kuma yana jin feda ta ƙara nauyi da zarar ya jingina dainamon da taya. Wannan nauyin shi ne abin da yake biya a madadin hasken.

Masanin Ingila Michael Faraday ne ya gano sirrin a 1831: idan maganaɗisu ya motsa kusa da waya, lantarki kan gudana a cikin wayar. Janaretan da ke cikin manyan tashoshi a kan wannan yake tafiya har yau, sai dai shi maganaɗisunsa na lantarki ne, kuma nauyin abin da ke juyawa ya kan wuce tan ɗari. Saboda haka tasha ba ta ƙirƙirar ƙarfi daga babu. Aikinta sauya shi ne: ƙarfin da ke kwance cikin kwal, ko cikin ruwan da ke gangarowa, ko cikin iska, a mayar da shi juyi, juyin a mayar da shi lantarki.

Abin da ke juya janaretan shi ne tabain, wato dogon sandan ƙarfe mai jerin fukafukai kamar na farfela. A hura masa tururi, ko iska mai zafi, ko a sakar masa ruwa, sai ya juya. Duk bambancin sunayen tashoshi, ta kwal, ta gas, ta ruwa, ta nukiliya, bai wuce amsar tambaya guda ba: me ke tura fukafukan?

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a raba tun yanzu, domin nan ruɗanin yake. Megawat ma'aunin ƙarfi ne, wato iyakar abin da tasha za ta iya bayarwa a lokaci guda, kamar faɗin bakin famfo. Yunit ɗin da mita ke lissafawa kuwa, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya (kilowat dubu ke yin megawat ɗaya), shi ne ruwan da ya taru a bokiti. Famfo mai faɗin baki da ke zuba awa biyar kawai a yini zai iya kasa cika abin da matsakaicin famfo mai zuba dare da rana ya cika.

Tashoshin da ke tafasa ruwa

Mafi yawan wutar duniya daga zafi take fitowa. A tashar kwal, ana niƙa kwal ya yi laushi kamar hoda, a fesa shi cikin ƙatuwar tanderu ya kama da wuta tun yana sama. Bangon tanderun cike yake da bututan ruwa. Ruwan ya zama tururi mai zafin sama da digiri 500, matse matuƙa, a sake shi kan fukafukan tabain. Charles Parsons ne ya ƙera tabain mai aiki da tururi a 1884, shekara biyu bayan Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta kwal a titin Pearl na birnin New York.

Bayan tururin ya gama aikinsa dole a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake tura shi tanderu. Shi ya sa ake gina irin waɗannan tashoshi a bakin kogi ko teku, ko a yi musu manyan hasumiyoyin nan masu faɗin gindi da ake gani a hotuna. Farin abin da ke tashi daga cikinsu ba hayaƙi ba ne, tururin ruwa ne. Hayaƙin ta wata siririyar doguwar hasumiya yake fita.

A wajen sanyayawar nan ake babbar asara. Tashar kwal ta gama-gari kan mayar da kimanin kashi 33 zuwa 40 cikin ɗari ne kawai na zafin kwal zuwa lantarki, sauran ya tafi a iska da ruwa. Wannan ba sakacin injiniyoyi ba ne. Duk injin da ke aiki da zafi sai ya zubar da wani kaso, kuma ana rage asarar ne kawai ta hanyar ƙara zafin tururin har iyakar abin da ƙarfe zai iya jurewa. Kowane yunit da aka samu daga kwal kan saki kusan kilo ɗaya na iskar kabon, baya ga toka da ƙurar da ke cutar da huhu. Duk da haka kwal na bayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar duniya, domin ana iya jibge shi a fili, a ƙona lokacin da aka ga dama.

Tashar gas ta ɗan bambanta. Injinta ɗan'uwan injin jirgin sama ne: ya zuƙi iska, ya matse ta, a haɗa da gas a kunna, iskar mai tsananin zafi ta bugi fukafukai kai tsaye. Abin da ke fita ta bayan injin har yanzu yana da zafin tafasa ruwa, don haka tashoshin zamani kan kama shi su yi tururi, su juya tabain na biyu. Da wannan dabara ta jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ana kaiwa kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma kabon ɗin da ake fitarwa bai kai rabin na kwal ba. Wata falalar gas ita ce sauri: akwai injinan da za a tayar su cikin 'yan mintuna, alhali tashar kwal da ta yi sanyi sai ta ɗauki awanni kafin ta kankama. Raunin gas yana ga bututu. Idan bututu ya fashe, ko mai sayarwa ya toshe, injin lafiyarsa ƙalau amma zaman banza zai yi.

Nukiliya ce sunanta ke firgita mutane, amma a aikace ita ma tukunyar tafasa ruwa ce. Bambancin shi ne ba a ƙona komai. Ana jera sandunan yuraniyom cikin ruwa a wata tukunyar ƙarfe mai kauri. Ƙwayar zarra ta yuraniyom idan ta tsage takan saki zafi da wasu ƙananan ɓarɓashi, su kuma su je su tsaga wasu ƙwayoyin, haka abin ke ci gaba. Akwai wasu sanduna na daban masu shanye ɓarɓashin. A zura su ciki aikin ya lafa, a zaro su ya ƙaru. Nau'in yuraniyom da ke tsagewa cikin sauƙi, mai lamba 235, kashi 0.7 ne kacal cikin ɗari na abin da ake haƙowa, don haka ake tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Na ƙera makami ana tace shi ne har kusan kashi 90, kuma a kan wannan tazarar ake yawan taƙaddamar da ake ji a labarai.

Tun daga tashar Obninsk ta Tarayyar Sobiyat a 1954, yau akwai tukwanen nukiliya sama da 400 a ƙasashe kusan talatin. Idan aka ɗura wa tukunya makamashi takan yi wata 18 zuwa 24 tana aiki ba tsayawa, ba hayaƙi. Matsalolinta uku ne sanannu: gininta na cin maƙudan kuɗi da shekaru, shararta na da haɗari na dubban shekaru, kuma ko an kashe ta sandunan kan ci gaba da fitar da zafi. Wannan na ƙarshe shi ne ya faru a Fukushima ta Japan a watan Maris na 2011, lokacin da ambaliyar teku ta lalata injinan da ke tura ruwan sanyaya tukwane.

Inda ƙasa ke da duwatsu masu aman wuta, ita kanta ke tafasa ruwan. A haƙa rijiya mai zurfi, tururi ya taso, a kai shi tabain. An fara gwada haka a Larderello ta Italiya a 1904, kuma yau Kenya na samun kaso mafi tsoka na wutarta ta wannan hanya, akasari daga yankin Olkaria. Sai dai ba ko'ina ake da wannan baiwa ba.

Ruwa da iska

A madatsar ruwa babu tanderu. An tare kogi ruwa ya taru ya yi tudu, a buɗe masa ƙofa ya gangaro ta ƙaton bututu ya bugi tabain a ƙasa. Abu biyu ke yanke ƙarfin: yawan ruwan da kuma tsayin da ya faɗo. Tan ɗaya na ruwa da ya faɗo daga mita 100 kan ba da kimanin rubu'in yunit ne kawai, wanda ke nuna irin tulin ruwan da ake bukata. Amma da yake babu zafin da ake zubarwa, kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin ruwan kan zama lantarki, kuma ana iya ƙara ko rage wutar cikin ƙanƙanin lokaci ta hanyar motsa ƙofa. Madatsar Three Gorges a kan Kogin Yangtze na Sin, mai megawat 22,500, ita ce tasha mafi girma a duniya.

Kuɗin ruwa ba a wajen aiki ake biyansa ba, a wajen gini ne da kuma a kan mutane. An tashi mutane sama da miliyan ɗaya domin gina Three Gorges. Madatsar Habasha ta jawo doguwar sa-in-sa da Masar da Sudan, waɗanda ke ƙasa da ita a kan kogin. Ga kuma fari: a 2024 ruwan tafkin madatsar Kariba ya ja baya sosai, Zambiya wadda mafi yawan wutarta daga ruwa take ta shiga ɗaukewar wuta ta awanni masu yawa a kullum.

Injin iska farfela ce a kan dogon turke, mai fukafukai uku da ke juyawa a hankali, sau goma zuwa ashirin a minti, da janareta a cikin akwatin da ke bayanta. Abin lura a nan shi ne idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta ninkawa yake sau takwas. Shi ya sa zaɓen wuri ya fi komai muhimmanci, kuma shi ya sa ake ƙara tsawon turakun, ake kuma kai su cikin teku. Iskar da ba ta kai gudun mita uku a sakan ba ba ta tayar da injin, wadda ta wuce kimanin mita 25 kuma dole a tsayar da shi kada ya lalace. Denmak na samun fiye da rabin wutarta daga iska.

Sola ta fita zakka

Farantin sola ne kaɗai ba ya juya komai. An yi shi da siraran ɓawon silikon hawa biyu, kowane da ɗan sinadari daban da aka cusa masa. Haske ya faɗo ya fisge ƙwayoyin ilektron daga mazauninsu, tsarin hawa biyun ya tilasta musu bin hanya ɗaya, sai su bi waya. Farantin farko mai amfani, wanda aka ƙera a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1954, kashi 6 cikin ɗari na hasken yake mayarwa lantarki. Na kasuwa a yau sun haura kashi 20. Haske yake so, ba zafi ba. Farantin da ya yi zafi sosai aikinsa raguwa yake, haka ma wanda ƙura ta lulluɓe.

Wutar farantin hanya ɗaya take bi kamar ta batir, ita kuwa ta babban layi, wanda ke haɗa tashoshi da garuruwa, kai da komowa take yi, don haka sai an bi ta inbata, na'urar da ke mayar da wutar farantin irin ta layin. Akwai wani nau'in sola na daban, kamar wanda ke Warzazat a Maroko, inda madubai ke tattara zafin rana, a adana shi cikin narkakken gishiri, a ci gaba da yin tururi bayan faɗuwar rana. Wannan ya koma dangin masu tafasa ruwa.

Wutar da ake sha yanzu, yanzu aka yi ta

Babban layi ba rumbu ba ne. A kowane sakan, abin da tashoshi ke zubawa dole ya yi daidai da abin da jama'a ke ja. Ana gane daidaiton ne ta bugun wutar: a Turai da Afirka da yawancin Asiya tana kai da komowa sau 50 a sakan, a Amurka sau 60. Domin a samu 50 ɗin, janaretan tashar kwal ko gas kan juya sau 3,000 a minti, kuma duk janaretocin da ke kan layi ɗaya tare suke takawa. Idan mutane suka kunna kaya da yawa, janareta kan ji nauyi kamar fedar mai keken nan, bugun ya sauka. In ba a ƙara ƙarfi da sauri ba, na'urorin kariya za su fara cire tashoshi ɗaya bayan ɗaya, nauyin ya koma kan na saura, su ma su faɗi. Abin da ake kira durƙushewar babban layi ke nan.

Manyan injinan da ke juyawa suna da wani amfani a ɓoye: nauyinsu ba ya bari su tsaya farat ɗaya, sai su ba masu kula da layi 'yan sakanni na gyara. Inbata ba ta da wannan nauyin, sai dai a tsara ta ta kwaikwaye shi. Daga nan gardamar Sifaniya ta taso. Binciken gwamnatin ƙasar ya nuna cewa ƙarfin turin wutar ne ya hau ya wuce ƙima kuma ba a samu isassun tashoshi masu danne shi ba, abin da ya shafi yadda aka tsara layin da yadda tashoshi iri-iri suka amsa, ba yawan sola kawai ba.

Yanzu a koma ga famfo da bokiti. Shekara na da awa 8,760. Tashar nukiliya mai megawat 1,000 da ke aiki kashi 90 cikin ɗari na lokaci za ta ba da yunit kusan biliyan 7.9. Gonar sola mai megawat 1,000 a wuri mai rana sosai, da yake dare da gajimare na cin rabonsu, takan tsaya a wajen kashi 20, wato yunit biliyan 1.75. Lamba ɗaya a takarda, amma tazarar ta wuce ninki huɗu. Ana cike giɓin da batura, ko da tura ruwa sama zuwa tafki lokacin da wuta ta yi yawa a sako shi da yamma, ko da injinan gas masu saurin tashi.

Inda ake ja-in-ja

Masu goyon bayan rana da iska na da hujja mai ƙarfi. Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, ana kafa gona cikin watanni, ba a sayen makamashi, kuma a taron sauyin yanayi na Dubai a 2023 ƙasashe sun amince a ninka irin waɗannan tashoshi sau uku kafin 2030. Masu ja da su na cewa arahar yunit da rana ba ita ce arahar wuta da ƙarfe takwas na dare ba. Sai an haɗa da kuɗin batura da sababbin layuka kafin a san gaskiyar lissafin. Masu son nukiliya na nuna wutar da ba hayaƙi ba yankewa, masu adawa na nuna haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986 da ginin da kan wuce kasafinsa. Ƙasashe masu tasowa da ke da gas ko kwal a ƙasarsu kuma na tambayar dalilin da zai sa a hana su hawa tsanin da wasu suka hau suka yi arziki.

Idan aka auna, babu ɓangaren da ke da gaskiya duka, kuma ƙasashen ma ba sa zaɓen guda. Sin ta fi kowa ƙona kwal, kuma ita ta fi kowa kafa sola.

Abin da ke isowa ga mai mita

Irin tashoshin da ƙasa ta dogara da su shi ke nuna ta inda matsala za ta ɓullo wa talaka. Inda gas ya yi rinjaye, kuɗin wuta na bin farashin gas, kamar yadda mutanen Turai suka gani a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Inda ruwa ne, shekarar fari ita ce shekarar duhu. Inda kwal ne, wutar na iya zama tsayayya amma maƙwabtan tashar na biya da lafiyarsu. Inda sola ta yi yawa, wuta kan yi araha da rana ta yi tsada da yamma, shi ya sa wasu kamfanoni suka fara sayar da yunit gwargwadon lokacin da aka sha.

Sannan tasha rabin tafiya ce. Daga janareta wuta na shiga taransifoma a ɗaga ƙarfin turinta zuwa dubban ɗaruruwan bolt, domin a haka ne za ta yi tafiya mai nisa ba tare da ta ƙare a ɗumama waya ba. Kusa da gari a sauke ta mataki-mataki har ta kai bolt 230 ko 120 na cikin gida. Idan layukan ba za su iya ɗaukar kayan ba, ko taransifomar unguwa ta ƙone, ko kamfanin rarrabawa bai tara kuɗin da zai biya tasha ba ita kuma ta kasa biyan mai gas, sabon megawat ba zai kai ga kowa ba.

Ga mutane kimanin miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara da ba su da wuta sam, tambayar ta fi wannan kusa: a jira babban layi ya iso, ko a kafa ƙaramin layi na sola da batir a ƙauye. Na biyun ya fi sauri, kuma yana isa ga fitila da firji da famfon ban-ruwa, amma manyan injina kan fi ƙarfinsa in ba an faɗaɗa shi ba. Farantan kan yi shekara 25 ko fiye suna aiki, baturan kuwa sai an sauya su tun kafin nan, kuma da yawa daga irin waɗannan ayyuka a nan suke tsayawa idan ba a ware kuɗin sauyin tun ranar da aka fara karɓar kuɗin wuta ba.